Kar Ya Sa Hannu Tukuna: Jinjina ga Baba Ɗalhatu na Al Sabkha

Ƙarfe bakwai saura na safe motar ma'aikata take sauke Baba Ɗalhatu kusa da tashar bas ta Al Sabkha a Dubai. Daga Al Quoz take ɗauko shi, inda yake kwana ɗaki ɗaya da mutum biyar. Yakan ɗaga ƙofar shagon kago, ya share gaban sikeli, ya rataya tabarau a wuya, ya zauna jiran kaya. Aikinsa ke nan shekara goma sha uku: a ɗora kwali, ya duba nauyi, ya rubuta suna da lambar waya da garin da za a kai, ya liƙa. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa aika kaya Kano ta shagon nan ya san fuskarsa, amma da yawa ba su san sunansa ba. Mai sikeli kawai muke cewa.

Da ƙarfe ɗaya sauran ma'aikata sukan tafi cin abinci. Shi sai ya sayi shayin karak da gurasar Indiyawa guda ɗaya, ya koma bayan shago, ya fito da tsohuwar wayarsa. Ƙarfe ɗayan Dubai ƙarfe goma ne a gida, lokacin da ofisoshi suka buɗe. Awa ɗayan nan tasa ta 'yan sanda ce da 'yan kwana-kwana da suka ji rauni a bakin aiki. Suna turo masa hotunan takardunsu, yana karantawa layi-layi, yana yi musu bayani da Hausa a saƙon murya. Ba wanda ya sa shi, ba kuma wanda yake biyansa.

Kafin ya zo nan, ya yi shekara ashirin da biyu yana akawu a sashen fansho na hukumar kashe gobara ta wata jiha. Ni ban san haka ba sai da ƙyar, kuma yadda na sani ɗin ba abin alfahari ba ne.

Sunana Wasila, ina aikin haɗa magunguna a wani asibiti a nan Dubai. A gidanmu ni ce wadda ta yi karatu mai nisa, saboda haka duk abin da ya shafi takarda ni ake tambaya, abin da na ce kuma shi ke nan. Yayana Nasir ɗan kwana-kwana ne. Shekara uku da suka wuce rufin wani shago ya rufto masa a gobarar kasuwa, ya karye a ƙugu da baya. Ya rayu, amma ba zai sake hawa tsani ba. Bayan wata takwas aka miƙa masa takarda, aka ce in ya sa hannu za a sallame shi da wuri, ya huta da yawon ofis. Ya turo min hotonta. Na ga saƙon, na ce zan duba in na tashi daga aiki. Mako uku ban buɗe ba.

Gaskiyar ita ce na gaji. Na gaji da kiransa, na gaji da jin labarin ciwo, ina so maganar ta ƙare.

Wata ranar Asabar na kai sandar dogarawa shagon kago don a aika masa. Ina tsaye gaban sikeli na danna waya na yi masa saƙon murya: "Yaya, ka sa hannu kawai a huta. Duk takardun nan ɗaya ne. Khalas, shi ke nan."

Baba Ɗalhatu ya ajiye biro.

"Hajiya, ki gafarce ni, kunnena ya shiga maganar da ba tawa ba. Yayan naki a bakin aiki ya ji rauni?"

Na dube shi sama da ƙasa. Wannan mutumin ne na taɓa yi wa tsawa a gaban mutane saboda na ga kamar ya ƙara wa kwalina nauyi, har na riƙa yi masa Turanci a hankali kamar mai koya wa yaro. Ranar sake aunawa kawai ya yi, nauyin kuma daidai yake.

Na ce, "Baba, auna min kayana kawai."

Ya auna. Da ya miƙo min rasit, sai na ga ya rubuta lambarsa a baya.

"Kar ya sa hannu tukuna. Ya turo min in gani. In babu komai a ciki, minti biyar kawai aka rasa."

Na cusa rasit a jaka ban ko gode ba. Washegari matar Yaya ta kira ni ta ce ranar Litinin zai je ya sa hannu, tunda ni na ce. Kalmar nan ta "tunda ke kika ce" ita ta sa na buɗe hoton a karon farko. Na karanta sau biyu, da digirina biyu, ban gane abin da take nufi ba. Na lalubo rasit, na tura wa Baba hoton.

Bai yi minti ashirin ba ya kira ni. Bai tuna min da komai ba.

"'Yata, hanya biyu ce. Wannan takardar tana cewa shi ne ya ga dama ya ajiye aiki. Babu inda ta ambaci gobara, babu inda ta ambaci ƙugunsa. In ya sa hannu, raunin ya fita daga fayil ɗinsa, kamar a gida ya faɗi. Ɗaya hanyar ita ce ya nemi a kai shi gaban kwamitin likitoci, su rubuta cewa aikin ne ya karya shi. Tana da tsawo, tana da gajiya, amma ita ce tasa."

Na ce, "Baba, amma sun ce za a sallame shi da wuri."

"Za a sallame shi da wuri. Shekararsa nawa?"

"Arba'in da ɗaya."

"To, sauran shekarun fa?"

Ina zaune a fulat ɗina mai sanyi, sai na ji fuskata tana zafi.

Ya lissafa mana abin da za a nemo: shafin littafin tasha na ranar gobarar, sunayen abokan aiki biyu da suka ciro shi, katin asibiti na ranar farko. Ya ce kar Yaya ya ba kowa takarda ta asali, kuma duk inda ya miƙa kwafi a buga masa hatimin karɓa. Ya kuma faɗa mana iyakarsa: "Ni ba lauya ba ne, kuma dokoki sun canza tun da na bar kujerar. Abin da na sani zan faɗa, abin da ban sani ba ku tambaya a ofis, ku ce a rubuta muku."

Wata tara aka yi ana wannan tafiya. Sau biyu ana ɗage zaman likitoci. A wata na shida Yaya ya ƙosa, ya yi wa Baba saƙo mai zafi, ya ce da ya bi maganata da tuni ya huta. Ni ma, Allah ya yafe min, na je shago na ce masa ya jefa mu cikin wahala. Yana liƙa takarda a jikin kwali ya ce, "Shwaiya shwaiya, sannu a hankali, 'yata. Ku yi fushin da ni, ba komai. Hannun dai kar ya sa."

Da kwamiti ya tabbatar da raunin, sai zaɓi na biyu ya taso: ya karɓi mafi yawan haƙƙinsa a dunƙule, ko ya bari a riƙa ba shi wata-wata. 'Yan uwa suka yi ca, kowa da sana'ar da zai buɗe masa. Baba bai zaɓa masa ba. Tambayoyi ya yi masa. 'Ya'ya nawa? Ƙaraminsu aji nawa? Maganin ciwon nan na shekara ɗaya ne ko na har abada? Ka taɓa yin kasuwanci? In mutum goma suka zo da kuka a ƙofarka, kana iya cewa babu? Idan ta Allah ta kasance, me takardar ta ce game da iyalinka? Yaya ya yi kwana uku yana tunani, ya ɗauki kaɗan ya gyara banɗaki da ƙofar gida yadda zai iya shiga da fita, sauran ya bar shi wata-wata. Yau 'ya'yansa huɗu suna makaranta, kuma ba ya jiran kowa kafin ya sayi magani.

Da na fara ba da labarin, sai na gane ba mu kaɗai ba ne. Alhaji Maharazu, mai sarin takalma a unguwar Al Buteen, ya ce min shekara bakwai yana kai wa Baba takardu a jakarsa in zai dawo daga Kano. Ya ba ni labarin Sajan Abdulmuhaimin, ɗan sandan da aka harba a gwiwa a kan hanya yana bakin aiki. Shi 'ya'yansa sun girma, yana da gonar gado, kuma kafin ya shiga ɗan sanda gyaran injin ban-ruwa yake yi. Da suka gama magana da Baba, sajan ya ɗauki kaso mai kauri a dunƙule ya buɗe wurin gyara, inda yake aiki a zaune. Alhaji ya ce ya tambayi Baba, "Malam, ya ka ce wa wancan kaza, wannan kuma kaza?" Baba ya ce, "Alhaji, ƙafar ba ɗaya ba ce, gidan ma ba ɗaya ba ne." Sajan ya aiko wa Baba da shadda da turare. Ya karɓi turaren don kar ya ji an raina kyautarsa, ya mayar da shaddar.

Wata rana na tambayi Baba dalilin da ya sa yake wannan aikin. Ya ajiye kofin shayi.

"Akwai wani Ibrahim. Hayaƙi ya cinye masa huhu. Ya zo gaban teburina da irin takardar Yayanki, ana saura kwata a tashi. Ya ce, 'Malam, nan zan sa?' Na san abin da take nufi. Na nuna masa wurin da yatsa, na buga hatimi, na tafi gida. Bayan shekara biyu na gan shi a bakin asibiti, ba shi da abin sayen iskar da ake sa masa. Ya gaishe ni da girmamawa, har ya yi min godiya wai na sallame shi da sauri. Bai kai ƙarshen shekarar ba."

Ya cire tabarau ya goge.

"Ba alheri nake yi ba, 'yata. Kunya nake ji."

Na so in ce masa ni ma yatsa na nuna wa ɗan'uwana, kuma ni ko karantawa ban yi ba. Sai yanzu nake faɗa, a gaban kowa.

Baba Ɗalhatu, kai ne ka karanta takardar Yaya Nasir da ni 'yar'uwarsa ta jini na bari mako uku a waya. Kai ne na wulaƙanta a gaban sikeli, ka rubuta min lambarka a bayan rasit. Malamin masu rauni, kai ne ka mayar da awar cin abincinka ofis ga mutanen da ba ka taɓa gani ba, waɗanda suka shiga wuta da gaban bindiga saboda mu, aka kuma miƙa musu biro suna kan gadon ciwo.

Ƙarshen watan nan zai koma gida. Shekaru sun ja, kamfani ba zai sabunta masa biza ba. Ina cikin kwamitin ƙungiyarmu ta 'yan Arewa a nan. Duk shekara muna kama zaure, mu karrama manyan 'yan kasuwa da masu muƙami, a ɗauki hoto. Ko sau ɗaya sunansa bai zo kan teburin ba, ni ma ban kawo shi ba, har bayan abin da ya yi wa gidanmu. Da na je neman gafararsa makon jiya, ya ce babu komai tsakaninmu, sannan ya tambaye ni ko zan karɓi mutum biyu da bai gama da su ba, wani kofur da wani direban motar kashe gobara. Ya ce zai koya min ta waya. Na ce ban san komai a kan fansho ba. Ya ce, "Kin iya karatu. Sauran haƙuri ne."

Na karɓa.

Mun gode, Baba. Yaya Nasir ya gode, matarsa da 'ya'yansa sun gode. Allah ya kai ka gida lafiya, ya jiƙan Ibrahim, ya sauke maka nauyin da kake ɗauke da shi. Mu kuma da muka rage a nan, akawu da lauyoyi da likitoci da duk wanda 'yan'uwa suke cewa "tunda kai ka ce", akwai wani a gida da ya ji rauni, yana riƙe da takardar da bai gane ba, yana jiran maganarmu. Kafin mu ce masa ya sa hannu, mu zauna mu karanta ta har ƙarshe. In ba mu gane ba, mu ce ba mu gane ba, mu nemo wanda ya sani, ko da a bayan sikeli yake zaune.