Tabarau Ɗaya, Mata Shida

Na koyar da tarihi shekara ashirin a wata sakandare a Mubi, kuma ina shaida cewa a duk yaƙoƙin da na karanta babu mai tsanani kamar na mace da tabarau. Lokacin ina da shekara arba'in da bakwai, muna zaune a Lokuwa, idona ya daina ganin ƙananan rubutu. Na ɓoye. A aji sai in sa ɗalibai su karanta, in ce horo ne. Maigida ya taɓa cewa ranar da na sa tabarau zai koma kirana Kaka, sai na ga gara in makance cikin mutunci.

Da 'yan bindiga suka shigo gari, muka gudu a ƙafa ni da Dada, mahaifiyata mai hawan jini, maigida kuma ya bi wata hanyar. Muka ratsa duwatsu har Yola, aka sauke mu a harabar wata makaranta. Nas ta ba ni maganin Dada da ɗan rubutu a jikin leda. Kowa a wurin Malama yake ce mini, ta yaya Malama za ta ce a karanta mata? Na yi hasashe: ƙwaya biyu, safe da yamma. Rana ta uku Dada ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo.

Wata manomiya daga Mugulbu, sa'ata, ta tarar ina riƙe da ledar can nesa da fuskata ina kuka. Ta ce in na ƙara miƙa hannun nan zai kai Mubi. Ta ciro tabaranta, ƙafa ɗaya ɗaure da zare, ta ɗora mini a hanci, ta ce ita da ta binne miji ta kuma hau dutse da buhu a ka, ba gilashi ne zai ba ta kunya ba. Na duba. Rabin ƙwaya, sau ɗaya a rana.

Allah ya tashi kafaɗun Dada. Daga nan sai ga mata huɗu sun fito da irin sirrina, tabaran ya riƙa yawo tsakaninmu kamar ludayi. Da maigida ya iso ya gan ni, ya yi dariya ya ce sannu Kaka. Na amsa da ƙarfi. Manomiyar ta tambaye shi, Baba, lokacin da na goyo surukarsa a duwatsu shi yana ina? Bai ƙara ba.

'Yan'uwa mata, shekarunmu ba abin kunya ba ne, mu muka sha wuyarsu. Na kusa kashe uwata don kar a ce na tsufa. Ku sa tabaranku, ku tambayi ta kusa da ku, wanda bai so ya kau da kai.

Ranar rabuwa na tambayi manomiyar wane littafi take karantawa da shi. Ta ce ba ta iya karatu ba. Tsakuwar shinkafa take tsincewa.