Yadda Na Cire wa Alhazai Arba'in Hajjinsu

Har yau ban manta da Larabar da na liƙa jerin sunaye a ƙofar ofishin ƙungiyar manoma ta garinmu, kusa da Makoda, ba. Ni ne jami'in kwamfuta. Tarakta ɗaya gare mu, kuma duk wanda ya zo ƙarshen layi sai damina ta yi nisa kafin a yi masa huɗa.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, sunayen suna cikin jeri ne a shafin intanet ɗinmu. Da umarni guda na yaren kwamfuta, JavaScript, ake tsara su daga A zuwa Z. Na ba da umarnin, na buga takarda ban duba ba, don hankalina yana wurin budurwata Rabi, wadda murmushinta ke hana ni ganin allo sosai.

Kafin azahar ƙofa ta cika da hayaniya. Ashe sakatare ya shigar da kowa da laƙabinsa, kwamfuta kuwa harafin farko ta sani. Alhazai arba'in suka hau sama, Malamai suka gangara ƙasa. Aka ce na sayar da layi ga masu hali.

Na koma ciki raina a ɓace, na sa kwamfutar ta yanke Alhaji, Hajiya da Malam daga kowane suna, na sake liƙawa. Nan ne wuta ta tashi. Ciyaman ya kira ni, ya ce wani dattijo na waje yana faɗa, shanu huɗu ya sayar ya sauke farali.

"Kai ka kai shi Makka da za ka sauke shi?" in ji ciyaman.

Ban gama ba da haƙuri ba na lura da sunan ƙarshe: Zubairu. Mahaifin Rabi, wanda magabatana za su je gaishe shi ranar Juma'a. Ashe yana tsaye a ƙofa. Ya dube ni, ya dubi takardar.

"Yaro, ko Malam ɗin ma ka ga ban cancanta ba?"

Na ce, "Baba, na'ura ce." Ya ce shi bai ga na'ura tana zuwa zance ƙofar gidansa ba.

A karo na uku na raba laƙabi da suna gida biyu, na mayar wa kowa nasa, na tsara layi bisa ranar rajista. Kowa ya yarda. Sai dai Malam Zubairu ya makara wajen rajista, na biyun ƙarshe ya zo. Na ari shanun kawuna, kwana biyu ina bin garma a gonarsa, hannuna duk kanta. Sannan ya karɓi magabatana.

Ku masu tasowa, kwamfuta haruffa take gani, mutanenmu kuwa darajarsu suke karantawa. Kada ku liƙa takarda sai kun karanta ta da idon wanda ya zo ƙarshe.