Haƙorin Hajara

Na yi shekara talatin ina aikin jinya, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka kawo Hajara karo na biyu ba. A shekarun saba'in ne, ina ƙaramin anfirmiye, wato ma'aikacin jinya, a ɗakin yara na wani asibiti a Garwa. Wanda ke kanmu shi muke kira majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na ɗakin, sama da shi kuma likita ɗaya tak.

Hajara 'yar Alhaji Sale ce, wani mahauci a unguwar Jambutu. Shekarunta bakwai, kuma da ciwon zuciya aka haife ta. Leɓɓanta da faratanta a dafe suke, in ta ɗan yi tafiya sai ta tsuguna ta huta. Duk mun san ta, don wata-wata ake kawo ta awo.

A wannan ciwon, zuwan farko da zazzaɓi ne. Likita yana ɗakin tiyata, ni na duba ta. Na saurari ƙirjinta, na rubuta maganin zazzaɓin sauro. Sun miƙe za su fita sai uwarta ta ce mini yarinyar ta daina tauna ta gefen dama. Na ce ta sa mata kanumfari, ai haƙoran yarinta ne, famfara za ta yi. Mutane sun cika baranda suna jira. Ban ce ta buɗe baki ba.

Bayan mako uku uban ya shigo da ita a kafaɗa. Ciwon kai, amai, hannun hagu ya saki, ga farfaɗiya tun daga hanya. Majo ya ce sanƙarau ne. Likita ya daɗe yana haska idanunta, sannan ya sa cokali ya buɗe bakin. Turmin haƙorin ya ruɓe har gindi, dasashi ya kumbura yana fitar da mugunya.

Ya ja mu gefe ya yi mana bayani da Faransanci. Ya ce a jikin lafiyayyen yaro, huhu yana tace ƙwayoyin cutar da suka shiga jini. Ita kuwa akwai ƙofa a cikin zuciyarta, jini yana ratsawa ba tare da ya bi huhu ba. Ƙwayoyin haƙorin sun wuce kai tsaye sun tara mugunya a ƙwaƙwalwa. Ba mu da na'urar ganin inda take, ba mai fiɗar kai a duk arewacin ƙasar, kuma zuciyarta ba za ta jure tafiya Yawunde, babban birnin ƙasar, ba.

Muka sa ta a allurar fenisilin, duk bayan awa huɗu. Kwana tara ina neman jijiya a hannunta. Ran na shida ta farka ta nemi kunu, har muka sa rai. Ran na tara da hantsi ta cika.

Da na kai wa Alhaji Sale takardar ɗaukar gawa, ya tambaye ni a hankali ko da gaske haƙori ne. Na ce shi ne. Sai ya ce, "Malam Buba, ban taɓa sayen saniya ban buɗe bakinta ba. Ta cikina kuwa ban duba ba."

Matarsa tana tsaye a bayansa. Ta san abin da ta faɗa mini, ta san amsar da na ba ta. Na jira ta faɗa. Ta gyara mayafinta kawai, ta yi mini godiya da Fillanci, suka tafi. Ni ma ban faɗa ba, sai yau da nake gaya muku.

Ku da kuke fara aikin nan: yaron da kuka san babban ciwonsa, shi kuka fi saurin daina dubawa. Kuma maganar da uwa ta yi tana bakin ƙofa, sau da yawa ita ce ta kawo ta. Ku dawo da ita ta zauna.