Ranar da muryar kawuna ta karye a Saga

Shekarun baya kaɗan, na ba kawuna wata shawara da har yau nake jin kunyarta.

Kawuna mawaƙin orkes ne, ƙungiyar kiɗan zamani, mai gita. A zamaninsa in ya ɗaga murya sai ka ji kamar rufin zai tsage, ya yi ta tsalle da gitarsa har zufa ta jiƙe masa riga. Da tsufa ya zo, murya ta dushe, gwiwa ta ƙi. Lokotoro ma a asibiti ya ce ya rage wasa.

Sai aka gayyace shi wasa a wani biki a Saga, bayan la'asar. Ni na ɗauko shi a motata. A hanya na ce, “Kawu, a sa tsohon kaset ɗinka a lasifikar sono mana, kai ka riƙa motsa baki. Wa zai gane?”

Ya dubi gonakin shinkafar da ke bakin hanya, ya ce, “Ni zan gane.”

A zaune ya yi wasan, kan kujerar roba. Waƙa biyu suka wuce lafiya. A ta uku, wadda kowa ke jira, ya kai inda yake ɗaga murya, sai ta karye. Ni jarumi kuwa har na fara laluben makullin mota.

Kawu ya matso da mikoro ya ce, “Jama'a, wurin nan ya fi ƙarfina yanzu.” Ya dubi makaɗansa: “Ku sauko ƙasa, mu bi ta a hankali.”

Suka sake ɗaukowa a hankali. A ranar na fara jin kalmomin waƙar. Tun ina yaro nake rawa da ita, ban taɓa sanin kakata yake wa kuka ba, mahaifiyarsa da ta rasu yana Agadas wajen wasa, bai samu jana'izarta ba. Da, ƙarar gita da ihunmu ke rufe maganar. Wata tsohuwa kusa da ni ta ja mayafi ta rufe fuska.

Bayan nan wasa biyu kawai ya ƙara kafin Allah ya karɓi ransa.

Na so in ɓoye tsufansa don kada a yi mana dariya, ban tuna shi yana da abin da yake son faɗa ba. Ban taɓa ba shi haƙuri ba. Kullum cewa nake sai na je gaishe shi ranar Juma'a, har ya rasu.