Bokitin Ciyawar Teku a Ɗakin Cin Abincin Malamai

Ok Dayeon 'yar tsibirin Wando ce. Tun kafin ta iya rubuta sunanta ta iya jawo igiyar ciyawar teku daga ruwa ba ta tsinke ba. Sana'ar uwarta ke nan, noman ciyawar nan da ake busarwa, a gasa, a naɗe shinkafa da ita. Uban ya rasu tana firamare. Ta tashi yarinya mai kai, marar surutu, mai cizon farce in abu ya dame ta. Ranar da ta sami shiga jami'a a Busan, uwar ta raba wa duk maƙwabta tuwon shinkafa mai zaƙi.

A shekararta ta biyu aka ɗauke ta ajin zaɓaɓɓu. A wannan aji ba a barin ɗalibi ya lafe a fanni ɗaya. Sai ya haɗa biyu, ya yi bincike guda da zai ratsa su duka, sannan malamai biyu daga sassa biyu su zauna tare, su saurare shi, su amince, kafin hutun hunturu. In ba su zauna ba, a mayar da shi ajin kowa da kowa, wahalar shekara ta tashi a banza. Wanda ya tsara wannan doka dai bai taɓa zama da malaman jami'a ba, ko kuwa mugu ne.

Dayeon ta zaɓi abin da ta sani. Ciyawar garinsu ta fara koɗewa, tana yin fari-fari kafin a girbe ta. Rabin aikin awon zafin ruwa ne, rabi kuma abin da tsofaffin matan ƙauye suka tuna game da shekarun da teku ya taɓa yin haka. Aka ba ta Farfesa Seok na kimiyyar teku, da Farfesa Byeon ta tarihi.

Ta dubi hotunansu a bangon makaranta. Seok furfura ta cinye masa kai, Byeon kuwa gashinta baƙi wuluk, fuska ba ko tamoji. To, wa za a fara gaisarwa? Uwarta ta hore ta, wurin babba ake fara zuwa. Ta gangara ginin kimiyya ta rusuna wa Seok, washegari ta hau tudu zuwa ginin tarihi.

Byeon ba ta ko ɗago kai ba. "An ce jiya kina ƙasa."

"E, Farfesa."

"Madalla. Tunda kin sami mai duba miki, ni me zan ƙara? Ja mini ƙofar in kin fita."

Dayeon ta koma ɗaki. Ham Seulgi, abokiyar ɗakinta da ta girme ta da aji ɗaya, tana cin taliya daga tukunya. Da ta ji labari sai ta ajiye tsinkayen cin abincin.

"Wurin wa kika fara zuwa? Ke, 'yar tsibiri, kin kashe kanki!"

"Onni, yayata, ai shi ne babba. Ba ki ga kansa ba?"

"Kansa za ki bi? Mutumin nan sai da ya faɗi jarrabawa, ya sake, ya je soja ya dawo, sannan ya shigo makarantar nan. Ya tarar da ita tana aji uku. Sonbe ɗinsa ce, wadda ta riga shi shiga! Ita ta nuna masa inda ɗakin karatu yake. Har masu shara sun san wannan."

"To ni wa ya gaya mini?"

"Wa zai gaya miki? Haka kowa ke sani, sai ya ƙone."

Haka abin yake. Shekarar da mutum ya shiga jami'a tana bin sa har kabari. Shi ya girme ta a haihuwa, ita ta girme shi a shiga. Don haka shi ba zai hau tudu ya buga ƙofar wadda ya girma ba, ita kuma ba za ta gangara wurin wanda ya shigo bayanta ba. Da can in an haɗa su a aiki ɗaya, ɗalibi kan fara zuwa wurinta, ita ta aika masa gaisuwa, shi ya amsa, a rabu lafiya. Dayeon ta ɓata wannan tsari tun ranar farko.

Ta koma wurin Seok. Ya karanta awonta, ya gyaɗa kai, amma ya ce, "Ban iya cewa komai kafin sonbe ta yi magana. Ba tarbiyya ba ce." Ta hau wurin Byeon da ban haƙuri, ta sunkuya har gashinta ya rufe mata fuska. Byeon ta ce, "Ban yi fushi ba. Wa ya ce na yi fushi? Ki tambayi dattijon."

Manya biyu, masu digiri har ba a san iyaka ba, suna wasa da rayuwar 'yar mutane kamar ƙwallo! Kaka ta shigo, ganyen itatuwa ya yi ja ya zube, yarinya tana hawa tana sauka. Ta rame. Farcenta ya ƙare, ta koma cizon fatar yatsa. 'Yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya suna fitowa daga zaman malamansu da murmushi, ita ko ranar zama ba a sa mata ba.

Uwar ta kira ta wata safiya daga cikin jirgin ruwa, iska na kaɗa maganar.

"Muryarki ba daidai ba. Kina cin abinci?"

"Ina ci, Omma."

"Ƙarya kike. In aiko da ciyawa mai kyau ki kai musu?"

"Omma, doka ta hana ba malami kyauta. Sai a kore mu duka."

"Wace irin doka ce ta hana mutum cin ciyawa? To in aiko da maras kyaun, wadda ta koɗe. Ita ai ba kyauta ba ce, asara ce. Su ga abin da muke gani."

Wata dabara ta faɗo wa Dayeon, wayar na manne a kunnenta. Sannan ta ce, "Aiko, Omma. Ɗanya. Da igiyarta."

Akwai wuri ɗaya da ba ƙasa ba ne, ba kuma tudu ba: ɗakin cin abincin malamai, a tsakiyar hanya. Kullum da rana su biyun suna can, teburinsu kusa da juna, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. Ɗalibai ba sa shiga.

A makon ƙarshe kafin hutu, Dayeon ta shiga da bokiti. Ƙarni ya riga ta isa. Cokula suka tsaya. Ta dire bokitin daidai tsakanin teburan biyu, ta rusuna sau ɗaya tak, fuskarta na kallon bokitin, ba ta waiwayi dama ko hagu ba. Ruwan bokitin ya jiƙa mata takalmi. Ta ɗago igiyar sama, ciyawar na lilo fari fat kamar tsumma.

"Farfesoshina, ku gafarce ni. Wannan ta gonar mahaifiyata ce. Ya kamata a ce baƙa ce."

Ta fara bayani, ta faɗi awon ruwa, ta faɗi abin da tsofaffi suka ce. Ta kai ƙarshe, ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa a ƙasa. A ranta ta ce shi ke nan, har ta fara tunanin yadda za ta gaya wa uwarta.

Byeon ta goge baki, ta juyo da kujerarta kaɗan. Ba Dayeon ta kalla ba.

"Farfesa Seok, tsofaffin nan sun ce ta taɓa yin haka a shekarar da ba a yi ruwan sama ba. Zafi ne kawai, ko da wani abu?"

Sonbe ta yi tambaya, dole a amsa. Seok ya miƙe, ya gyara kwat, ya murza ciyawar da yatsa ya shinshina. "Ba zafi kaɗai ba ne, sonbe. In koguna ba su kawo abinci cikin teku ba, yunwa take ji."

"To ai abin da matan suka faɗa ke nan, ku kuna ta awo."

"Faɗa daban, tabbatarwa daban."

Suka kaure da gardama a kan bokiti, miyarsu ta huce, Dayeon na tsaye da igiya a hannu, ta rasa ko ta ajiye. Can Byeon ta dube ta.

"Aikin ya yi. Ko ba haka ba, Farfesa?"

"Ya yi, sonbe."

"Ke kuma kwashe wannan ƙazantar, ki nemo tsumma ki goge wurin. Kar ki ƙara shigowa nan."

Ba wanda ya ce mata sannu. Ta durƙusa ta goge ƙasa a gaban malamai, ta fita da bokitinta. Sai da ta kai bakin matakala ta zauna ta kira Wando.

"Omma, sun amince."

"To. Kin ci abinci?"