Yajin Baffa Yero

Baffa Yero lebura ne a wani kamfanin sayen fata da ƙirgi a nan Bauchi, inda na fara aikin akawu da na gama makaranta, a 1958. Ɗan makiyaya ne. Ciwon bushiya ya cinye shanun gidansu, ya shigo gari ya kama ɗaki a Gwallaga. Aikinsa tsoma fatu a ruwan maganin ƙwari, ruwan da ke tsattsaga hannu har ya yi jini. Wanda hannunsa ya lalace sallamarsa ake yi.

Leburori suka kafa ƙungiya, suka wakilta Baffa ya yi magana da manaja, wani Bature. Ni na yi tafinta. Manaja ya ce bai san wata ƙungiya ba, mai kuka ya zo shi kaɗai. Ya sa masu gadi suka ja Baffa a ƙasa har bakin ƙofa, hularsa ta faɗi cikin kwata. 

Da la'asar aka taru a gindin ɗorawar bayan kamfani. Baffa ya ce a tafi yajin aiki. Kalmar ce ta kusa ɓata komai.

Mika'ilu, mai ɗaurin fatu, ya ce, "Yaji kuma, Baffa? Da gemuna? Sai ka samo mini mayafi."

Aka yi ta dariya, wasu har sun fara kaɗe riga za su tafi. Baffa ya bari suka gama.

"Mika'ilu, bara da Kubura ta yi maka yaji, wa ya je biko?"

"Ni mana."

"Ita kaɗai ka samu a zaure?"

Mika'ilu ya sosa ƙeya. "Ina fa. Babanta da kawunanta duk suna nan. Har wata goggo da ban taɓa gani ba."

"Ka iya yi mata tsawa a wurin?"

"A gaban waɗannan? Ko tari ban yi ba."

"To, abin da nake nema mana ke nan. A ofis manaja yana samunmu ɗaya-ɗaya. Nan kuwa gaban dangi zai zauna."

Washegari ba wanda ya taɓa fata. Manaja ya shiga aika wa mutane a ɓoye, wannan a ce za a naɗa shi helima, wato shugaban leburori, wancan a ce za a kore shi. Baffa bai iya karatun boko ba, da ƙafa ya yi aikin. Yana bin ƙananan masallatan Gwallaga bayan kowace salla, ya taka har Miri wurin waɗanda suka koma gona, ya yi wa wannan Hausa, wancan Fulatanci. Duk wanda aka aika wa, sai ya zo gindin ɗorawa ya faɗa a gaban kowa. Ta haka asirin ya ƙare. Baffa ya rame sosai, don ya san in mutum biyu suka koma, shi da aikin har abada.

Damina ce, ɗanyun fatu suka fara ruɓewa. Ranar da wari ya kai ofis, manaja ya ce in raka shi bayan kamfani. Da muka doso, Mika'ilu ya ce a hankali, "Ga mai biko nan," aka danne dariya. Manaja ya tambaye ni me aka ce. Na ce sannu da zuwa suke yi masa.

Ya nemi ya keɓe da Baffa. Baffa bai tashi ba, ya matsa masa wuri a kan tabarma. Manaja ya daɗe a tsaye, sannan ya zauna.

A nan aka yarda da safar hannu, aka yarda ba za a ƙara sallamar mai ciwon hannu ba, kuma duk maganar leburori da ƙungiya za a yi ta. Manaja ya ce kowa ya dawo aiki, amma ban da Yero. Mutane suka miƙe gaba ɗaya za su tafi. Sai manaja ya ce in gaya musu su zauna, Yero ma ya zo aiki gobe.