Masar da na raba don a ɗaga mini hannu

Shekarun baya, bayan ƙanƙarar nan da ta karya itatuwan Greensboro ta Amurka muka yi kwanaki ba wuta, amma kafin fara ta cinye gonakin mutanenmu a gida, ɗana ya shigar mini da takardun zama 'yar ƙasa. Ba sha'awar fasfo ce ta kai ni ba. Mahaifiyata ce ta tsufa a Maraɗi, ƙafafu sun daina ɗaukarta. Ni kuma da girin kad, katin izinin zama kawai, in na daɗe a can sai a ce na bar ƙasar, in rasa hanyar dawowa wurin jikokina. So nake in je in zauna da ita ba tare da ina leƙen kalanda ba.

Ana cikin haka ƙanena da ke Suwis ya kira ni, murya a dushe. Shekara goma sha huɗu yana can, yana aikinsa, yana jin yarensu, amma an hana shi zama ɗan ƙasa. Ya ce a ƙauyen da yake, mutanen gari ne ke taruwa, a karanto sunanka, su ɗaga hannu ko su ƙi.

Na ce, "To kai me ka yi musu?"

Ya ce, "Yaya, ba sa faɗa. Amma an raɗa mini wai matata na shanya ran Lahadi, ni kuma ba a ganina a taron gari."

Na ajiye waya, jikina ya yi sanyi. Ni da duk Lahadin duniya nake baza zannuwana a kan shingen makwabciyata! Wata doguwar baƙar fata ce, tsohuwar malamar makaranta. Ta taɓa yi mini magana a kan shanyar nan, na kalle ta sama da ƙasa na shige gida. Shekara biyu ko gaisuwa ba ma yi. Na ce a raina ai ƙasar Turawa duk ɗaya ce, abin da Suwis ke yi shi Amurka ke yi. Ban tambayi kowa ba. Ni da ake zuwa neman shawara wurina, in koma tambayar yara?

Na jiƙa shinkafa, na soya masa kamar ta biki, na bi layinmu gida-gida. Turancina lokacin bai wuce na sayen tumatir ba. Sai in miƙa kwano, in nuna ƙirjina, in ɗaga hannu sama. Wani tsoho ya ɗauka takara na tsaya, ya yi mini alkawarin zai nemi sunana ran zaɓe.

Gidan makwabciyar tawa na bari ƙarshe. Ina tsaye a ƙofarta da hannu a sama sai ga ɗana ya dawo daga aiki.

"Mama, me kike yi?"

"Kamfen," na ce.

Da na yi masa bayani, dariya ya yi har ya dafa mota. Can kuma sai ya ce, "Mama, nan ba makwabta ke yankewa ba. Jarrabawa ce. Za su yi miki tambayoyi, ki karanta layi ɗaya, ki rubuta layi ɗaya. Tuntuni nake neman yadda zan faɗa miki."

Wallahi da ɗaga hannun ne ya fi mini sauƙi. Ni da tun da nake, dangwale nake yi da babban yatsa.

Matar ta tambayi abin da ake wa dariya, ɗana ya fassara mata. Ita ba ta yi dariyar ba. Ta ce mahaifiyarta, a wannan jihar da aka haife ta, an taɓa ajiye mata takarda aka ce sai ta karanta kafin a bar ta ta yi zaɓe, ta koma gida tana kuka. Ta karɓi kwanon ta ce, "Faɗa wa uwarka gobe ƙarfe tara. Kuma ta kwashe zannuwanta daga shingena."

Haka muka yi wata takwas a teburin kicin ɗinta. Tambayoyin tarihi ban sha wuyarsu ba, ni da nake jero kakannin gidanmu har bakwai. Rubutun ne ya nuna mini iyakata.

"Hajiya, wannan harafin naki ya kwanta, tashe shi."

"Ya gaji ne, Malama. Tsoho ne irina."

Ran farko da na je jarrabawar a birnin Charlotte, na faɗi a rubutun. Na dawo na ce na haƙura. Washegari ƙarfe tara ta buga mini ƙofa da fensir a hannu, ko gaisuwa babu. Karo na biyu ita ta tuƙa ni da kanta. Da na fito da nasara, hannu kawai na ɗaga sama. Ita ma ta ɗaga nata, a tsakiyar mutane, muna tsaye kamar mahaukata biyu.

Na tafi Maraɗi na yi shekara guda da wata uku. Ni na riƙa juya mahaifiyata a shimfiɗa, ni na yi mata wankan ƙarshe, sannan na dawo ba wanda ya tambaye ni abin da ya tsayar da ni.

Har yau in na tuna ina jin kunyar kamfen ɗin nan, amma ban yi nadamar masar ba. Jami'i ne ya buga hatimi, gaskiya ne. Sai dai da ban buga ƙofar nan ba, da har yanzu dangwale nake.

Tsohon da ya yi mini alkawarin ƙuri'a ya rasu, haka yawancin mutanen layin, wasu kuma sun tashi. Ƙanena yana nan, ya sake nema ya samu, ya ce shawarata ya bi ya shiga mutane. Malama ma tana nan, 'yarta ta ɗauke ta zuwa garin McLeansville, ido ya yi rauni. Ni nake karanta mata katin gaisuwa idan na je, tana gyara mini.